Darasi Kan Hoton HDR: Haɗin Kyamara da Haɗin Hannu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da ake nufi da tazarar haske, da dalilin da ya sa kyamara ke gazawa a wurin da rana da inuwa suka haɗu;
2. bambance hoton HDR da kyamara ko waya ke haɗawa da kanta da wanda mai ɗaukar hoto ke haɗawa a kwamfuta;
3. lissafa adadin hotunan da wuri ke bukata kafin a haɗa su;
4. gane illolin da ke ɓata irin wannan hoto, da zaɓar hanyar da ta dace da kowane aiki.

1. Tazarar haske

Hasken da ke cikin wuri guda ba ɗaya ba ne a ko'ina, domin bangon da rana ta haska da ƙarƙashin rumfar da ke jikinsa suna iya bambanta da ninki ɗaruruwa, ko da yake idon mutum ba ya nuna masa girman wannan bambanci. Dalili kuwa shi ne ido ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana yawo ne daga sashe zuwa sashe, ƙwayarsa tana buɗewa idan ta kai ga duhu, tana tsukewa idan ta kai ga haske, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa abin da aka gani ya zama sura ɗaya cikakkiya. Kyamara ba ta da wannan dama, saboda sau ɗaya take buɗe wa haske hanya a kowane hoto, kuma gwargwadon da ta buɗe shi ne zai shafi duhu da haske baki ɗaya.

A cikin kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda ke ɗauke da miliyoyin ƙananan gurabe masu tara haske. Kowane gurbi tamkar ƙwarya ce da aka ajiye a ƙarƙashin ruwan sama: idan ta cika ta batse, ba a iya sanin ko ruwan da ya zuba ya ninka cikinta sau biyu ne ko sau goma, idan kuma ɗigo biyu kawai ta samu, ba a iya bambance su da danshin da ke jikinta. Gurbin da ya batse shi ne ke fitowa fari fat a hoto, babu zane babu launi, kuma masu sana'ar kan ce wurin ya ƙone. Gurbin da bai samu haske isasshe ba kuwa yakan fito baƙi ƙirin, ko kuma ya yi yashi-yashi idan aka yi ƙoƙarin haskaka shi daga baya.

> Akwatin ma'ana
> Tazarar haske: nisan da ke tsakanin sashe mafi duhu da sashe mafi haske a wuri, ko kuma nisan da kyamara ke iya riƙewa a hoto ɗaya ba tare da wani sashe ya ƙone ko ya nutse cikin duhu ba.
> Mataki: ma'aunin da ake auna haske da shi wajen ɗaukar hoto. Ƙarin mataki ɗaya na nufin haske ya ninka sau biyu, ragin mataki ɗaya kuma na nufin ya koma rabi.

Tunda kowane mataki ninki biyu ne, lissafin yana hauhawa da sauri: mataki 3 ninki 8 ne, mataki 8 ninki 256, mataki 10 ninki 1,024, mataki 14 kuma ninki 16,384. Manyan kyamarorin zamani suna riƙe mataki 12 zuwa 15 idan aka yi amfani da su a mafi ƙarancin ISO, wato lambar da ke nuna yadda ake ƙara wa sensa ƙarfin amsa haske. Ƙaramin sensan waya bai kai haka ba a ɗauka ɗaya, takardar da ake buga hoto a kai kuwa ba ta cika wuce mataki 6 zuwa 7 ba. Saboda haka matsalar kashi biyu ce, kuma wajibi ne ɗalibi ya raba su a tunaninsa tun daga nan: ta farko ita ce kama dukkan hasken da ke wurin, ta biyu kuma ita ce matse shi ya shiga fuskar waya ko takarda ba tare da hoton ya zama abin da ido bai taɓa gani ba.

2. Asalin dabarar

Maganin matsala ta farko ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. A shekarun 1850 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Gustave Le Gray, ya lura cewa farantan gilashi na zamaninsa suna saurin ƙonewa a wajen sararin sama kafin teku ta fito, sai ya riƙa ɗaukar sama a faranti ɗaya, teku a wani, sannan ya buga su a takarda guda. Hotonsa na babbar igiyar ruwa a garin Sète da ke gaɓar Bahar Rum, na shekarar 1857, yana cikin waɗanda aka yi ta wannan hanya. A shekarar 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa hanyar lissafi da kwamfuta za ta bi ta haɗa hotuna masu mabambancin haske su zama taswirar haske guda, kuma a 2005 manhajar Photoshop CS2 ta shigo da wannan aiki cikin kayanta, abin da ya kai shi hannun masu sana'ar hoto na yau da kullum.

> Akwatin ma'ana
> HDR: taƙaitaccen suna na hoto mai faɗin tazarar haske, wanda galibi ake samarwa ta hanyar haɗa hotuna biyu ko fiye na wuri guda.
> Ƙyaure: abin da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa. Ana auna zamansa a buɗe da sakan ko kason sakan, misali 1/125.
> Ƙofar haske: ramin da ke cikin gilashin kyamara, wanda ake faɗaɗawa ko tsukewa. Ana rubuta girmansa da harafin f, misali f/8.
> Jeri: hotunan wuri guda da aka ɗauka a jere, wani da duhu, wani tsaka-tsaki, wani da haske, domin a haɗa su.

Ya kamata a lura cewa haruffan HDR da ake gani a jikin kwalin talabijin suna magana ne a kan fuskar da ke iya nuna haske mai ƙarfi da duhu mai zurfi a lokaci guda. Wannan batu ne na nuni, alhali darasin nan yana magana ne a kan ɗauka da haɗawa.

3. Haɗin cikin kyamara

A wannan hanya mai ɗaukar hoto yana kunna HDR a cikin tsarin na'urarsa, ya danna maɓalli sau ɗaya, na'urar ta ɗauki jeri da sauri, ta daidaita hotunan a kan juna, ta haɗa su, ta matse haskensu, sannan ta miƙa masa hoto ɗaya gamamme cikin 'yan sakanni. Pentax K-7 ta shekarar 2009 tana cikin manyan kyamarorin farko da suka zo da wannan tsari, a 2010 kuma wayar iPhone 4 ta samu irinsa, inda take ɗaukar hotuna uku ta haɗa. Kyamarori sun bambanta wajen abin da suke bar wa mai su: Nikon D5100 ta 2011 hotuna biyu take haɗawa kuma JPEG kaɗai take fitarwa, yayin da Canon EOS 5D Mark III ta 2012 ke haɗa uku tare da ba da damar a adana hotunan asali. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda aka bar masa hotunan asali yana iya sake haɗawa idan aikin kyamara bai gamsar da shi ba, wanda kuwa aka goge masa su sai dai ya haƙura da abin da ya samu.

> Akwatin ma'ana
> JPEG: nau'in fayil ɗin hoto da na'ura ta riga ta gyara ta kuma rage masa nauyi. Yana da darajoji 256 na haske a kowane ɗaya daga launukansa uku, wato ja da kore da shuɗi.
> RAW: fayil mai ɗauke da ɗanyen bayanin da sensa ya tara kafin a gyara. Galibi yana da darajoji 4,096 ko 16,384, shi ya sa yake jure gyara fiye da JPEG.

Wayoyin zamani sun bi wata hanya da ta ɗan sha bamban da jerin da aka saba, kuma ta cancanci a tsaya a kanta saboda waya ce akasarin ɗalibai ke riƙe da ita a hannu. Tsarin HDR+ na kamfanin Google, wanda ya fara a wayoyin Nexus kafin ya koma Pixel, kuma injiniyoyinsa suka wallafa bayaninsa a 2016, a sigarsa ta wancan lokaci yana ɗaukar gajerun hotuna da yawa ne a jere, dukkansu da ɗan duhu kuma haskensu ɗaya. An sa su yi duhu ne domin kada sararin sama ko farar tufa su ƙone. Inuwar kowane ɗaya cike take da yashi-yashi, amma shi yashi-yashin ba ya faɗowa a wuri ɗaya a kowane hoto, alhali fuskar mutum ko bangon ɗaki suna nan inda suke. Idan aka ɗora hotunan a kan juna aka ɗauki matsakaicinsu, sai abin da ke tsaye ya ƙara fitowa, yashi-yashin kuma ya dusashe: hotuna 4 suna rage shi zuwa rabi, hotuna 9 zuwa kashi ɗaya bisa uku. Daga nan sai a haskaka inuwar da ta riga ta tsabtata. Da yake kowane hoto gajere ne, motsin hannu ko na mutane ba ya yin ɓarna sosai, kuma wannan shi ne sirrin da ya sa waya ke fitar da hoton kasuwa ko na taron suna wanda babbar kyamara za ta sha wuya kafin ta yi irinsa ba tare da an kafa ta ba.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake: sauri, sauƙi, da ganin sakamako nan take, ta yadda idan hoton bai yi ba za a sake kafin mutane su watse. Farashinta kuwa shi ne hukunci ya bar hannun mai ɗaukar hoto ya koma hannun wanda ya rubuta manhajar, wanda bai ga wurin ba, bai kuma san abin da ake son nunawa ba. Manhajar ce ke yanke yadda inuwa za ta yi haske da yadda sama za ta yi duhu. Inda abin ya fi shafar masu hoto a ƙasar Hausa shi ne launin fata, domin manhajar da ta ɗauki duk wani sashe mai duhu a matsayin inuwar da ke bukatar haskakawa takan mayar da baƙar fata toka-toka, ta kashe sheƙin da ke mata kyau. Kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da itel ya yi suna da daidaita kyamarorinsa domin baƙar fata, amma duk da haka babu wayar da za a amince wa ido rufe. Fuskar mutum ita ce wurin farko da ya kamata a duba bayan kowace ɗauka.

4. Haɗin hannu

A haɗin hannu mai ɗaukar hoto ne ke auna wurin, ya tsara jerin, ya ɗauka a RAW, sannan ya kai kwamfuta ya haɗa da manhaja irin su Lightroom, wadda ta samu wannan aiki a 2015, ko Photomatix, ko Luminance HDR wadda kyauta ce. Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce kada wani abu ya canja tsakanin hotunan sai yawan hasken da ya shiga. Don haka ana kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, a tsayar da ISO a mafi ƙanƙanta, a tsayar da saitin launi da wurin da gilashi ya mai da hankali, a kuma sa kyamara ta jira sakan 2 bayan an danna domin girgizar yatsa ta lafa. Ƙyaure kaɗai ake canja wa lokaci. Ƙofar haske ba a taɓa ta, saboda ita ce ke yanke zurfin abin da zai fito tar daga gaba zuwa baya, kuma idan ta canja, wani hoto zai fito da bayansa a dushe, wani a fili, su ƙi haɗuwa.

Kayan awon da mai hoto ke dogara da shi shi ne jadawalin haske, wato ɗan zanen tuddai da kyamara ke nunawa, wanda gefensa na hagu ke wakiltar duhu, na dama kuma haske. Idan tudu ya jingina da bangon dama, wani sashe ya ƙone. Idan ya jingina da na hagu, wani sashe ya nutse. Hoto mafi duhu a jeri shi ne wanda tudunsa ya rabu da bangon dama, mafi haske kuma shi ne wanda tudunsa ya rabu da bangon hagu. Idan hoto ɗaya ya rabu da bangayen biyu a lokaci guda, to wurin bai fi ƙarfin kyamara ba, kuma babu bukatar HDR ko kaɗan.

Misali na farko: zaure da tsakar rana

A ƙaddara ana son hoton cikin wani tsohon zaure, inda ake bukatar ɗaurin gugan rufinsa ya fito, a kuma ga farfajiyar da rana ta haska ta bakin ƙofa. An tsayar da ƙofar haske a f/8, ISO a 100. Da aka auna farfajiya sai kyamara ta ba da 1/500, da aka auna rufin zauren kuma ta ba da 1/2 na sakan. Ana ƙirga matakan da ke tsakani ta hanyar ninka lokacin: 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4, 1/2. Tsallake 8 ke nan, wato farfajiyar ta ninka rufin haske kimanin sau 256. Wannan kuwa tazarar matsakaicin hasken wuraren biyu ce kawai, domin farin bangon waje ya fi matsakaicin farfajiya haske, lungun zauren kuma ya fi matsakaicin rufin duhu, don haka cikakkiyar tazarar ta kai bakin iyakar kyamara ko ta wuce. Idan aka bar mataki 2 tsakanin kowane hoto da na gaba, jerin zai zama 1/500, 1/125, 1/30, 1/8, 1/2, wato hotuna 5. Kyamarar da ke haɗa hotuna uku masu tazarar mataki 2 da kanta mataki 4 kaɗai take ratsawa daga na farko zuwa na ƙarshe, don haka a irin wannan wuri haɗin hannu ne zai fi ba da hoto mai tsabta.

Bayan haɗawa sai aiki na biyu, wanda shi ne ya fi bukatar idon mai sana'a.

> Akwatin ma'ana
> Matse tazara: rage faɗin hasken da aka tara domin ya shiga abin da fuskar na'ura ko takarda ke iya nunawa. Matsewa ta gaba ɗaya tana bi da dukkan hoton da ƙa'ida ɗaya, matsewa ta sashe-sashe kuma tana duba kowane wuri da abin da ke kewaye da shi.

Akwai kuma hanyar da Tom Mertens da abokan aikinsa suka gabatar a 2007, wadda ba ta gina taswirar haske, sai dai ta tsinci sashen da ya fi kyau daga kowane hoto ta narkar da su wuri guda, kuma sau da yawa sakamakonta ya fi kama da abin da ido ya gani. Kowace hanya aka bi, ma'auni ɗaya ne: a hoton zauren nan, dole farfajiya ta ci gaba da fin cikin zaure haske. Idan aka matse har ciki da waje suka yi daidai, an kashe abin da ya sa zaure yake zaure, wato sanyin duhunsa a gefen zafin rana, kuma duk wanda ya taɓa zama a cikinsa zai ji cewa hoton ba gaskiya ba ne ko da bai san dalili ba.

5. Illoli

Babbar illa ita ce fatalwa, wato abin da ya motsa tsakanin hoto da hoto ya fito sau biyu ko uku a dushe, kamar ganyen darbejiya da iska ke kaɗawa, ko yaron da ya gifta, ko tutar da ke filfilawa. Manhajoji suna da maganinta, inda ake zaɓar hoto ɗaya a ce daga shi za a ɗauki duk abin da ya motsa, sai dai wurin da aka yi wa haka ya koma hoto ɗaya ke nan, da duk yashi-yashinsa. Illa ta biyu ita ce zoben haske, wani farin layi mai kauri da ke bin gefen hasumiya ko bishiya inda suka haɗu da sama, wanda ke fitowa idan aka tsananta matsewa ta sashe-sashe. Tare da shi ake samun gajimare masu datti da launuka masu ƙarfi fiye da kima, kuma irin waɗannan hotuna ne suka ɓata wa HDR suna a wurin masu sana'a da yawa, alhali laifin na hannun da ya wuce gona da iri ne.

Misali na biyu: hawan sallah

A ƙaddara doki yana sukuwa da gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a kowane sakan, kyamara kuma tana ɗaukar hotuna 5 a sakan. Tsakanin kowane hoto da na gaba akwai sakan 0.2, don haka daga hoto na farko zuwa na uku sakan 0.4 ne. Idan aka ninka 0.4 da 10 za a ga cewa dokin ya yi tafiyar mita 4 kafin jerin ya kammala, tazarar da ta fi tsawon jikinsa. Babu manhajar da za ta haɗa wannan da kyau. Abin da ya dace a nan shi ne hoto ɗaya a RAW, wanda aka auna haskensa a kan farin rawani da farar riga domin kada su ƙone, sannan a ɗaga inuwar fuskoki a kwamfuta gwargwadon abin da fayil ɗin zai jure.

Akwai kuma batun amana ga wanda ke ɗaukar hoton labarai. Jeri lokuta ne da dama da aka mayar lokaci guda, kuma maganin fatalwa yana iya cire mutumin da ya kasance a wurin a ɗaya daga cikin hotunan. Shi ya sa gasar hotunan jarida ta World Press Photo ba ta karɓar hoton da aka haɗa daga ɗauka daban-daban, kuma ya kamata duk mai aiki da kafar yaɗa labarai ya san ƙa'idar gidan da yake wa aiki kafin ya yi haɗi.

6. Zaɓen hanya

Tambayoyi biyu ne ke raba gardama, kuma ana yin su ne kafin a danna maɓalli: shin wurin ya fi ƙarfin kyamara, kuma shin abin da ake ɗauka yana motsi? Idan jadawalin haske ya nuna cewa bai fi ƙarfinta ba, hoto ɗaya ya wadatar. Idan ya fi ƙarfinta kuma komai a tsaye yake, kamar gini, cikin ɗaki, shago kafin a buɗe, ko fadama da asuba kafin iska ta taso, haɗin hannu ne ke ba da hoto mafi tsabta da ikon gyara mafi yawa. Idan kuwa mutane ne ke kai-komo a ƙarƙashin rumfar biki, rana tana dukan fararen kaya a waje, kuma iyalan amarya suna jiran a tura musu hotuna a WhatsApp kafin la'asar, to haɗin waya ko na kyamara shi ne aikin hankali, ba kasala ba. Sau da yawa ma akwai mafita mafi sauƙi da ake mantawa da ita, wato a rage tazarar tun daga wurin: a matsar da mutane cikin inuwa ɗaya, a jira rana ta yi sanyi, ko a riƙe farin ƙyalle a gefe ya mayar da haske kan fuska.

Misali na uku: kuɗin lokaci da ma'ajiya

Wani dillalin gidaje yana son hotunan ɗakuna 10, kowanne da tagar da ake son a ga waje ta cikinta. Idan kowane ɗaki zai ci hotuna 5, kowane fayil na RAW kuma a ƙaddara megabait 25 ne, lissafin shi ne 10 × 5 × 25, wato megabait 1,250. Idan haɗa kowane ɗaki da gyara shi zai ɗauki minti 10, aikin kwamfuta kaɗai minti 100 ne, ban da lokacin kafa kyamara da cajin batir. Haɗin kyamara zai ba da hotuna 10 nan take, masu nauyi kaɗan. Idan tallan a waya kawai za a kalla, haɗin kyamara ya isa. Idan kuwa za a buga shi a babban allo ko a mujalla, inda kowane zoben haske zai fito fili, haɗin hannu ya cancanci wahalarsa, kuma wajibi ne mai hoto ya sa waɗannan mintoci a cikin kuɗin aikinsa tun wajen ciniki.

Tambayoyin bita

1. Mene ne tazarar haske, kuma me ya sa ido ke ganin abin da kyamara ke kasa ɗauka a hoto ɗaya?
2. Idan wani sashe ya fi wani haske da mataki 6, sau nawa ya ninka shi?
3. Wace matsala Gustave Le Gray ya fuskanta wajen ɗaukar teku, kuma yaya ya warware ta?
4. Me ya sa ake canja lokacin ƙyaure a jeri amma ba a taɓa ƙofar haske?
5. Ta wace hanya tsarin HDR+ ya bambanta da jerin da ya ƙunshi hoto mai duhu da tsaka-tsaki da mai haske?
6. An auna tagar wani aji an samu 1/250, an auna cikin ajin an samu 1/4. Matakai nawa ne tsakaninsu, kuma hotuna nawa ake bukata idan aka bar mataki 2 tsakanin kowanne? A rubuta lokacin kowane hoto.
7. Mene ne fatalwa da zoben haske, kuma me ke haddasa kowannensu?
8. Wace hanya ta dace da ɗaukar masu rini suna aiki a bakin marina da tsakar rana, wace kuma ta dace da ɗaukar cikin masallaci bayan jama'a sun watse? A kawo dalili.
9. Aikin gida: kowane ɗalibi ya tsaya cikin ɗaki ya fuskanci ƙofa a buɗe da rana, wani mutum yana tsaye a bakinta, ya ɗauki hoto ɗaya da HDR a kunne, ɗaya a kashe, sannan ya zo da su aji tare da bayani a rubuce kan yadda fuskar mutumin da hasken waje suka fito a kowanne.